Ƙwaryar da Baba Istifanus Ya Ƙi Sha

Ba na jin zan taɓa manta Lahadin da Baba Istifanus ya iso gabana a layin Misa, na ɗaga masa ƙwarya, ya mayar da hannuwansa baya ya wuce. Ku da kuke shirin fara aikin katekis kun sha tambayata abin da ya fi ba ni wuya a shekarun da na yi, kuna jiran in ce tafiya ƙauyuka a keke cikin damina, ko koyar da masu shirin baftisma. Waɗannan gajiya ce kawai, mutum ya yi barci ta wuce. Wannan kuwa har yau bai wuce ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, bayan an yanke mana jiha, lokacin da Jalingo ta fara cika da ma'aikata da baƙi. Ni mutumin wajen Numan ne, aka turo ni wata ƙaramar majami'ar Katolika a gefen unguwar Nukkai. Ga wanda bai san tsarinmu ba, Bishop ne a sama, ƙarƙashinsa Fada, wanda shi kaɗai ke iya yin Misa. Sai katekis, mai koyarwa, mai jan addu'a ran da Fada bai zo ba, mai kai wa marasa lafiya Jikin Yesu har gida, kuma mai shan zagin da ake jin nauyin yi wa Fada. Akwai kuma komitin dattawa da ciyaman ɗinsu. Yawancin mutanen majami'ar sun sauko ne daga ƙauyukan bayan dutse, manoman doya. Harshensu daban da nawa, Hausa ce ke haɗa mu.

A wannan lokacin aka kawo mana Fada Bulus, matashi, bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Ɗan wannan ƙasa ne, amma tun yana yaro aka ɗauke shi makarantar masu shirin zama Fada, don haka harshen iyayensa ma gaisuwa kawai ya riƙe. Yana wani babban rubutu a kan yadda za a yi sujada ta dace da al'adun mutanen wuri, ya ce abin da masanan Ikilisiya ke ta bincike a kai ke nan a lokacin. Ni kam tun ranar farko ban saki jiki da shi ba. Turawan Fada na dā sun sa iyayenmu sun jefar da ganguna da ƙorai, sun ce kayan tsafi ne. Yanzu ga namu ya dawo daga ƙasar Turawan yana cewa a je a tsinto su. Na ce a raina, tsakanin hanin dā da umarnin yanzu dole ɗaya kuskure ne, kuma kuskuren manya a kan ƙanana yake ƙarewa.

Yana da ƙaramar rikoda mai kaset. Da yamma sai ya ce in raka shi gidajen dattawa, yana tambaya ina taimaka masa da Hausa inda ta maƙale. Zamanin mulkin soja ne, mutum ya ga rikoda sai ya tauna maganarsa sosai kafin ya fitar. Wasu sun ce kaset ɗin gidan gwamnati yake kaiwa, wasu sun ce Roma. Ni na fi zargin digiri yake nema a kanmu, ya gama ya tafi ya bar ni da rigima. Dattawan sun karɓe shi da ladabi, sun shimfiɗa masa tabarma, sun gaya masa duk abin da suka ga Fada zai so ji.

Cikinsu babu wanda ya fi ba shi haɗin kai kamar Baba Istifanus. Tsohon magini ne, yana cikin mutanen farko da aka yi wa baftisma a ƙauyensu, kuma shi ya gina majami'ar da muke ciki tun daga tushe har rufi. Ba ya fashin Misa, ba ya ɗaga murya, yara har da na Musulmin unguwa Baba suke ce masa. Ran da Fada ya tambaye shi ma'anar shan ƙwarya ɗaya a wurinsu, sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Fada, ƙwarya ɗaya shi ne zumunci. Mutum biyu ya sha ƙwarya ɗaya, sun zama ɗaya ke nan, ba faɗa kuma."

Fada ya yi ta murna, a hanyar komawa kamar zai tashi sama. Ya ce mini abin da yake nema ke nan. A lokacin, idan an yi Misa, jama'a Jikin Yesu kawai suke karɓa, wato gurasar da aka keɓe, Fada ya ɗora wa mutum a harshe. Jinin Yesu, ruwan inabin da ke cikin kofi, Fada ne kaɗai ke sha. Fada Bulus ya ce masana sun nuna Kiristocin farko duka suke sha daga kofi ɗaya, kuma Bishop ya ba shi izinin gwadawa a ƙaramar majami'a irin tamu. Ya roƙi Baba ya gyara ƙwarya daidai yadda kofin ƙarfe zai zauna a cikinta, don kada ko ɗigo ya shiga jikin ƙwaryar. Baba ya yi ta da kyau, ya ƙona mata zanen gicciye da wuƙa mai zafi, ya kawo ya tafi ƙauye haƙar doya. A makonnin da Fada ya yi yana koya wa jama'a cewa kowa zai sha, Baba ba ya gari. Ya dawo ne ana gobe za a fara, da tunanin Fada ne zai sha daga ƙwaryarsa kamar yadda aka saba.

Ranar Lahadin, Fada na ba da Jiki, ni ina gefensa da ƙwarya da farin ƙyalle na goge bakin kofi bayan kowane mutum. Maza na zama ɓangare ɗaya, mata ɗaya, amma a gaba layukan biyu suna haɗuwa, mace ta zo, namiji ya zo. Wata gwauruwa mai suna Saraya, mai soya doya a bakin titi, ta karɓi Jiki, ta sha, ta juya. Baba ne ke bin ta. Ya karɓi Jiki, ya tako wurina, na ɗaga ƙwaryar na faɗi abin da ake faɗa. Sai na ga idonsa ya bi bayan Saraya, ya dawo kan kofin. Ya mayar da hannuwa baya, ya rusuna, ya wuce. Akwai waɗanda su ma ba su sha ba, kamar masu goyo da wani da ya yi alkawarin barin giya, ba wanda ya kula da su. Amma mai ƙwarya da kansa ya ƙi ƙwaryarsa, kuma kowa ya ga inda ya kalla. Matan da ke rera waƙa a gaba sai da muryarsu ta sauka.

Bayan Misa ba a tsaya gaishe-gaishe kamar kullum ba. Mutane suka rarrabu biyu-biyu, uku-uku, suna magana da harshensu, ina matsowa su koma Hausa su tambaye ni lafiyar iyali. Sai da na je gida mai ɗakina, wadda ke cikin zumuntar mata, ta warware mini. Ta ce a wurin mutanen nan, idan akwai jini tsakanin gida biyu, wato wani ya yi sanadin ran wani, ba sa shan ƙwarya ɗaya, ba sa cin akushi ɗaya, sai an yi musu wanki. Dattawa ne ke kai su bakin rafi, a yanka akuya, a wanke hannuwan gidajen biyu da ruwan magani, sannan su sha tare. Wanda ya sha ba a yi wannan ba, ƙafafu ke fara kumbura, daga nan ciki, daga nan kabari.

Na ce, "To ina ruwan Baba da jini?"

Ta ce, "Mijin Saraya, Bitrus, a ina ya mutu?"

Labarin ya girme ni a majami'ar, amma na ji shi. Bitrus magini ne a ƙarƙashin Baba. Ana dab da yin rufi, itatuwan da magina ke ɗaurawa da igiya su taka su kai sama suka zame da shi, ya faɗo. Aka ce tsautsayi ne, aka binne shi, Saraya ta ci gaba da renon 'ya'yanta. Babbansu Markus a lokacin da nake ba ku labari ya zama saurayi, yana koyon kanikanci.

Aikin katekis, in gaya muku, rabinsa lura ne, kuma mai yawan lura ba ya rasa zargi. Na zauna na fara jero abubuwan da na gani da idona. Duk farkon damina Baba na zuwa ya gyara wa Saraya katanga da rufi, ba ya karɓar komai. Amma ko a tsakiyar zafin bazara da gorar ruwansa yake zuwa, ban taɓa ganin ya sha na gidanta ba. Ran Kirsimeti idan ta aika masa abinci, maƙwabta ke ci. A bikin godiyar girbi yana zaɓar tabarmar da ta fi nisa da ta iyalinta. Dā ina ganin waɗannan a matsayin kamun kai na dattijo, har na taɓa kafa misali da shi a aji. Yanzu duk suka juya mini fuska. Mutumin da ke yi wa gida hidima haka amma yake gudun ruwansu, me yake biya?

Kafin tsakiyar mako magana ta cika Nukkai. Wasu sun ce Baba ne ya turo Bitrus, wasu sun ce sun yi faɗa da safen ranar, har aka sami wanda ya tuna ya ji ihu kafin faɗuwar, alhali a shekarar yana Yola. Masu sayen bulo a wurin ɗan Baba suka fara wucewa gaba. Ciyaman na komiti, Malam Yakubu, ma'aikacin sakatariya ne kuma ɗan uwan marigayi Bitrus ta wajen uwa, ya kira taro a gindin mangwaron majami'a. Baba ya zo ya zauna a ƙarshen benci, hularsa a gwiwa.

Malam Yakubu ya ce, "Baba, mu ba mu ce ka yi komai ba. Abu ɗaya ne. Lahadi mai zuwa Saraya ya sha, kai ma ka sha a gaban kowa. In hannunka tsabta ne, ba abin da zai same ka, magana ya ƙare."

Baba ya ce, "Ba zan sha ba."

"Don me?"

Baba ya sunkuyar da kai. Fada Bulus ya miƙe, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce Jinin Yesu ba abin rantsuwa ba ne, ba za a mayar da bagadi, wato teburin Misa, wurin kama mai laifi ba muddin yana nan. Ya kawo abin da masana suka ce, ya kawo abin da Ikilisiya ta koyar. Malam Yakubu ya bari ya gama, sannan ya ce cikin sanyin murya:

"Fada, da girmanka, ba mu ne muka kawo ƙwarya ba, kai ne. Kai ka ce al'adanmu yana da kyau, a shigo da shi coci. To ya shigo, ya yi magana. Yanzu za ka ce mu toshe kunne?"

Ya ƙara da cewa 'yan uwan Bitrus sun ji labari a ƙauye, suna zuwa ran Lahadi. Idan Baba bai sha ba, komiti zai cire shi, kuma shi Yakubu ba zai iya yi wa kowa alkawarin abin da samarin ƙauye za su yi ba. Fada ya ce to zai janye ƙwaryar gaba ɗaya. Wani dattijo ya ce in ya janye, kowa zai san rufa wa Baba asiri yake yi. Aka tashi a haka.

A ofis Fada ya rufe ƙofa ya dube ni. Ya ce, "Katekis, na san tun farko ba ka son wannan abin. Kai ka hura wutar nan?"

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Fada, ni baƙo ne a nan kamar kai, ran Lahadi na fara jin maganar wanki a bakin matata. Ni kuwa da zan yi zargi, sai in ce ka sani, ka shirya don ka sami abin rubutawa."

Muka tsaya muna kallon juna, kowa na auna ɗan uwansa. Daga baya ya zauna, ya kunna kaset ɗin hirar Baba, muka saurara tun daga farko. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. An tambaye shi abin da shan ƙwarya ɗaya ke nufi, ya faɗa. Ba wanda ya tambaye shi ko akwai waɗanda aka hana su sha, shi kuma ba zai kawo maganar yanka akuya a gaban Fada ba, tunda ya san matsayin Fada a kan wannan tun yana saurayi.

Ran Asabar da la'asar muka tafi gidansa. Mun same shi a tsakar gida, matarsa na jajjaga kayan miya a gefe. Fada ya ce idan yana son yin ikirari, wato furta zunubi a asirce, ni zan fita. Baba ya ce a'a, Katekis ya zauna, wannan ba ikirari ba ne, ikirarin ya yi shi tun da daɗewa wurin Baturen Fada na lokacin.

Ya ce, "Ni na ɗaura igiyan. Ruwan sama ya ci shi, na gani da ido na. Na ce zai kai yau, gobe mu canza, don Bishop yana zuwa buɗe coci, muna sauri. Bitrus ya hau. Ban tura shi ba, Fada, amma hannu na ne ya ɗaura."

Ya ce bayan an binne Bitrus ya je wurin Baturen ya faɗa masa komai, aka yafe masa, aka ba shi addu'o'in da zai yi. Ya roƙa a bar shi ya je a yi wanki, Baturen ya ce Kirista ba ya zuwa bakin rafi da akuya, in ya je ya bar hanya. Ya bi maganar Fada. Tun daga nan yake kiyaye bakinsa daga ruwan gidan Bitrus, ba wanda ya lura, don dattijo ba ya cin abinci da mata da yara dama.

Fada ya ce, "Baba, ai Allah ya yafe maka. Babu abin da zai same ka."

Baba ya ɗago kai. "Ni? Fada, ni na tsufa, ƙafa na ya kumbura ina ruwa na. Abin ba ya zaɓa. Yana kama wanda ya yi, yana kama gidan wanda aka yi wa. Ran Lahadi Markus yana baya na a layi. In na sa baki, shi ya sa baki, na kashe uba in zo in kashe ɗa? Allah ya yafe mini, na sani. Amma ban ji an ce ya cire abin daga kan yaran ba."

Sannan ya ƙara da cewa, "Fada na dā sun ɗauke ƙwarya, sun ɗauke wanki, muka zauna haka, muka iya. Kai ka dawo da ƙwarya, ba ka dawo da wanki ba."

Na ga hawaye a idon Fada. Ni kuma, ko a lokacin, wani ɓangare na zuciyata na tambaya ko wannan ne dukan labarin, don mutum na iya faɗin rabin gaskiya da kuka. Ina cikin wannan tunani aka yi sallama. Saraya ce, da zanen aikinta mai ƙanshin mai da hayaƙi. Ta ga babur ɗin Fada a ƙofa ta biyo. Ta durƙusa ta gaida Fada, ta gaida Baba, sannan ta ce wa matar Baba, "Mama, ki taimake ni da ruwa." Tsohuwar ta dubi mijinta, ta yi jinkiri, amma ba a hana baƙo ruwa. Ta kawo a ƙwarya. Saraya ta sha, ta riƙe sauran da hannu biyu ta miƙa wa Baba.

Baba ya ja baya da kujerarsa. "Saraya, ba ki san abin da kike yi ba."

Ta ce, "Na sani, Baba. Tun ranan na sani kai ka ɗaura igiya. Bitrus bai mutu nan da nan ba, ya yi magana da ni a asibiti. Ya ce shi ma ya ga igiyan, ya hau. Bai kira sunanka da mugunta ba. Abin da ya ce kawai, a gaya wa Baba kar a bar coci ba rufi. Ban gaya maka ba don kullum kana gudu na, na ce ko ganin fuska na ne ba ka so."

"Yaranki fa?"

"Ni ne na haife su. In abin zai zo, ya fara da ni. Na gaji da ganinka da gora a gida na kamar ruwa na dafi ne. Ka sha, Baba, hannu na ya gaji."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya karɓa. Ya sha. Matarsa ta sa zane ta rufe fuska.

Washegari majami'a ta cika har waje, 'yan uwan Bitrus na tsaye a baya da sandunansu na tafiya. Kafin a fara, Baba ya nemi izini ya tsaya a gaba ya maimaita maganar igiya da bakinsa, bai rage komai ba. Saraya ta tashi ta faɗi nata. Fada ya ce ba a tilasta wa kowa sha, kuma wanda ya zo kallon gwaji ya zo wurin da ba nasa ba. Da aka zo layi, Saraya ta sha, Baba ya sha, Markus ya sha, na goge bakin kofi bayan kowannensu. Mutanen ƙauye suka yi magana da Saraya a waje na ɗan lokaci, suka kama hanya. Komiti bai cire Baba ba.

Kada ku ɗauka magana ta mutu. Daga ranar, duk Lahadi idan Baba ya shigo, idanu ƙasa suke yi, ba don ladabi ba, ƙafafunsa ake dubawa. Haka ake yi wa Saraya a wurin suyarta, har cinikinta ya ƙaru don masu zuwa leƙe. Watanni suka wuce babu abin da ya faru, aka fara gajiya. Fada Bulus ya koma gidajen dattawa da rikodarsa, amma yanzu duk al'adar da aka gaya masa sai ya tambaya wa take hanawa, kuma wa ke cire hanin. Bai daɗe ba Bishop ya mayar da shi koyarwa, muka rabu da mutunci, ko da yake har ya tafi ban daina sa ido a kan rikodar nan ba.

A damina ta biyu bayan haka, ƙafafun Baba suka fara kumbura. Aka kai shi asibiti, likita ya ce zuciya ce ta gaji, ciwon tsufa, kuma na san tsofaffi da yawa da suka yi irinsa ba su taɓa ɗaura igiya ba. Malam Yakubu bai ce uffan ba, sai dai ya riƙa gyaɗa kai idan an ambaci sunan Baba, kuma rabin majami'a sun fahimci gyaɗawar. Baba ya daina fita. Aikina ne in kai masa Jikin Yesu gida, na riƙa zuwa duk mako. Duk zuwan da na yi, kafin in buɗe addu'a sai ya kama hannuna.

"Katekis, ka ga Markus? Ka duba ƙafansa?"

In ce lafiyarsa ƙalau, jiya ma na gan shi a ƙarƙashin mota.

"Saraya fa? Ƙananan fa?"

In ce duk lafiya. Sai ya sake ni ya kwanta, ya yi ajiyar zuciya. Na gaya masa abin da likita ya ce, na gaya masa abin da Ikilisiya ta koyar, ya saurara da ladabi kamar yadda ya saba saurarar masu karatu. A zuwana na ƙarshe, ƙafafun sun yi yadda ba ya iya taka su, ya dube su ya yi murmushi. Ya ce, "Mun gode Allah, Katekis. Ya zo, amma a kaina kaɗai ya tsaya." Markus ne ya fara sara ƙasar kabarinsa.

Abin da na koya, ku riƙe shi. Za a yi ta kawo muku sababbin abubuwa daga masu bincike, da yawansu masu kyau ne, wannan ma mai kyau ne, har yau ana shan ƙwarya ɗaya a majami'ar a manyan ranaku. Amma mutanenmu ba sa yi wa Fada ƙarya, ba sa kuma gaya masa abin da bai tambaya ba. Kafin ku ɗaga wani abu a gaban jama'a, ku bincika waye a cikin layin ba zai iya karɓa ba, ku same shi a gida tun kafin Lahadi. Kuma idan kun ga mutum ya ja da baya, ku lura, aikinku ne, amma kada ku yi saurin yanke abin da yake tsoro. Majami'a guda ta zuba wa Baba Istifanus ido tana jiran ta ga ko zai ceci kansa, shi kuwa har ya rufe ido ƙafafun ɗan wani yake tambaya.